Garin kwal da ƴaƴansa: rami ne ya yi su, ko makaranta?

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin manya, a biro ko a wurin taro, duk lokacin da aka ambaci wani shahararren mutum da ya taso a unguwar ma'aikata. Sai a kaɗa kai a ce: "Ai wahala ce ta yi shi." Maganar tana da daɗin ji, kuma tana da sauƙi ga mai riƙe da kuɗin jama'a, domin in wahala ce ke yin mutum, to, babu sauran abin da ya rage wa hukuma ta yi, tunda wahala ga ta nan kyauta. Amma wanda duk ya ɗauki sunayen mashahuran mutanen wani garin masana'antu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi inda kowannensu ya samo abin da ya ɗaga shi, zai tarar labarin ya sha bamban. Garin Santetiyan (Saint-Étienne) na ƙasar Faransa ya isa misali.

Ko wanda bai taɓa ƙetare teku ba ya san aikin hannun wannan gari. Bindigar nan MAS 36 da tsofaffin sojoji suka saɓa a kafaɗa, a can aka ƙera ta. Haruffan nan uku ma sunan maƙerar makamai ta garin ne a taƙaice. Bindigar farauta ƙirar Simplex, da keken hawa Hirondelle, da keken ɗinki Omnia, duka na kampanin Manufrance ne, wanda littafin kayansa mai kauri ya zaga har ƙasashen Afirka. Waɗanda kuma suka kasa kunne ga rediyo daren 12 ga watan Mayu 1976 ba su manta da "Koraye" ba, wato ƴan ƙwallon garin masu koriyar riga, da yadda Bayern ta Munik ta ci su 1 da 0 a Gilasgo bayan ƙwallonsu ya bugi sandar gida har sau biyu.

Garin yana wajen kilomita 500 kudu da Pari, ba nisa da Liyon. Arzikinsa yana ƙarƙashin ƙafafun mutanensa: kwal, wato gawayin ƙasa. Da kwal ake narka ƙarfe, da ƙarfe ake ƙera bindiga, har sarkin Faransa ya kafa maƙerarsa a can a 1764, kuma a zamanin juyin juya hali aka taɓa sake wa garin suna aka ce masa Armeville, garin makamai. Ga kuma saƙar ƙyallen siliki na ado, wadda ta ci ƙarfin dubban mata. Hanyar jirgin ƙasa ta farko a Faransa a nan aka shimfiɗa ta a 1827, daga garin zuwa Andrézieux a bakin kogin Luwar, ba ta kai kilomita 25 ba, dawakai ke jan taragun, kwal ne kayan da ke ciki. A farkon ƙarni na 19 mutanen garin ba su kai dubu 30 ba. A 1901 sun wuce dubu 140.

To, su wane ne garin ke alfahari da su?

Sunan da aka fi sa wa gaba shi ne Jules Massenet, mai tsara kiɗan wasan opera, wanda ya yi Manon a 1884 da Werther a 1892. An haife shi a 1842 a Montaud, wadda a yau unguwa ce ta garin. Ubansa injiniya ne mai masana'antar ƙera lauje, uwarsa ce ta fara koya masa kiɗan fiyano, kuma bai wuce shekara 6 ba iyayensa suka tattara suka koma Pari, inda ya shiga babbar makarantar kiɗa tun yana yaro. Rabon Santetiyan a cikin Massenet bai wuce na mahaifa da aka binne ba. Haka ma Francis Garnier, hafsan sojan ruwa, haifaffen garin a 1839, wanda ya girma ya yi karatu a Montpellier, ya bi kogin Mekong daga 1866 zuwa 1868, ya kama ganuwar Hanoi da yaƙi a watan Nuwamba 1873, aka kashe shi wata guda bayan haka. Littattafan Faransa na da sun kira shi jarumi. Mutumin Birnin Ƙonni ko na Lugu, wanda kakanninsa suka ga abin da ayarin Voulet da Chanoine ya aikata a 1899, ya san wane irin jarumi ne mai shiga ƙasar mutane da bindiga, kuma ba dole ne ya taya kowa tafi ba. Wannan a gefe. Abin lura shi ne, waɗannan biyu ba su shaƙi ƙurar rami ba ko na yini ɗaya.

Wanda garin ya yi da hannunsa, tun daga tushe, shi ne Benoît Fourneyron, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa.

A 1816 gwamnatin Faransa ta buɗe makarantar koyon aikin ma'adinai a Santetiyan, domin ramukan kwal suna yawaita, masu sanin yadda ake haƙa su ba tare da sun rufta ba kuwa sun yi ƙaranci. Shugabanta na farko, Beaunier, shi ne kuma ya shimfiɗa hanyar jirgin nan ta 1827. Fourneyron, wanda aka haifa a garin a 1802, ɗan wani mai awon filaye, yana cikin ɗaliban farko, kuma an karɓe shi tun shekarunsa ba su cika ƙa'ida ba. A can ya haɗu da wani malami, Claude Burdin, mai tunanin wata irin ƙafar ruwa da za ta fi ta gargajiya, har ya raɗa mata suna "turbin". Malamin ya tsaya ga lissafi a takarda. Ɗalibin ne ya ƙera abin ya yi aiki, a 1827, yana ɗan shekara 25.

Ga yadda take. Ƙafar ruwa ta da, wadda ke juya dutsen niƙa, tana tsaye ne, ruwa na bugun gefe ɗaya kawai, yawancin ƙarfinsa na tafiya a banza. Fourneyron ya kwantar da ƙafar. Ruwa na shigowa ta tsakiya, ya bi ta wasu lanƙwasassun faranta da ba su motsi, waɗanda ke karkata shi, sa'an nan ya faɗa wa faranta na ƙafar waje da aka lanƙwasa ta ɗaya ɓangaren, ya tura su duka a lokaci guda, ya fita ta gefe ƙarfinsa ya ƙare. Ta farko ƙarfin doki 6 gare ta, amma tana cin moriyar wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ruwan. A 1837, a Saint-Blaise ta ƙasar Jamus, ya kafa wata ƴar ƙarama a ƙarƙashin ruwa mai faɗowa daga tsayin fiye da mita 100, tana juyi 2300 a minti, tana ba da ƙarfin doki 60. Duk madatsar ruwa da ke haifar da lantarki a duniya yau, da jikokin wannan na'ura take aiki, har da ta Kainji, wadda aka fara jawo wutarta zuwa Yamai a 1976.

Ramukan kwal sun daɗe a garin kafin a haifi Fourneyron, kuma ɗaruruwan shekaru ba su fitar da turbin ba. An buɗe makaranta, shekara 11 bayan haka sai ga ta. Wanda ya ce wahala ce, sai ya bayyana abin da wahalar ta tsaya jira.

Kuma inuwar makarantar ba ta tsaya kan ɗalibanta kaɗai ba. Wani tela matalauci, Barthélemy Thimonnier, wanda ba haifaffen garin ba ne, zama ya kawo shi, ya yi shekaru yana fama da wata na'urar katako mai ɗinki da kanta. Ba ya iya zana ta a takarda yadda hukuma ke so kafin ta ba da shaidar mallaka. Wani malamin makarantar ma'adinai, Auguste Ferrand, shi ya zana masa, suka sami takardar a 1830. An kafa shago a Pari da keke 80 ana ɗinka kayan soja, teloli masu tsoron rasa abinci suka far masa suka farfasa a 1831, Thimonnier kuwa ya mutu a 1857 hannunsa babu kome. Duk da haka tela na kasuwar Maraɗi da ke taka kekensa yana cin gadon wannan haɗuwa ta mai sana'ar hannu da mai ilimin takarda. Ma'aikatan gwamnati su ma suna da nasu rabo: Henri Fayol, wanda ya fito daga makarantar a 1860 yana ɗan shekara 19, ya shugabanci babban kampanin kwal da ƙarfe shekara 30, shi ne ya rubuta a 1916 cewa aikin shugaba biyar ne, hangen gaba, da tsarawa, da ba da umurni, da daidaitawa, da bin diddigi. Wanda ya yi karatun mulki ya haɗu da waɗannan biyar ko bai san mai su ba.

Yanzu sai a juya takardar a dubi bayanta, inda ba a rubuta sunaye ba. A cikin mashahuran garin na ƙarni na 19 da wuya a sami ɗan mahaƙin kwal, alhali su ne suka fi yawa. Dalili a fili yake. Sai a 1874 doka ta hana saukar da yaro ƙasa da shekara 12 cikin rami, kuma sai a 1881 da 1882 karatun firamare ya zama kyauta kuma tilas. Kafin nan ɗan mahaƙi gadon ubansa yake bi tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Abin da rami ke bayarwa kuwa an san shi. Akwai wata iska da ke fita daga jikin kwal, ba ta da wari, da ta haɗu da wuta sai ta fashe. Ran 4 ga Fabrairu 1876 ta kashe mutum 186 a ramin Jabin. Ran 3 ga Yuli 1889 ta kashe 207 a ramin Verpilleux. Waɗanda suka tsira daga wuta, ƙurar dutse ta cinye musu huhu sannu a hankali, kuma sai a 1945 dokar Faransa ta yarda cewa wannan cuta ta aiki ce, a biya diyya a kanta. Allah kaɗai ya san Fourneyron nawa aka binne a Jabin.

Mutum ɗaya daga cikin mahaƙan ya shiga tarihi, ta wata ƙofa dabam. Michel Rondet, haifaffen 1841, mutumin La Ricamarie ne, a gefen garin. A watan Yuni 1869 mahaƙan yankin suka yi yajin aiki suna neman ƙarin lada da rage awoyi da riƙe asusun taimakonsu da hannunsu. Ran 16 ga watan soja suka buɗe wuta a wani wuri da ake ce wa Brûlé, mutum 14 suka mutu, har da ɗan goye. Aka ɗaure Rondet. Da ya fito bai bari ba, har a 1883 aka kafa tarayyar sandikar mahaƙa ta ƙasa baki ɗaya a Santetiyan, shi ne magatakardanta. Abin da ya yi ta nema ya zama doka: a 1890 mahaƙa suka sami ikon zaɓen wakilansu masu duba lafiyar rami, a 1894 aka kafa asusun fansho da na jiyya. A wannan gari ne kuma aka haɗa tarayyar zaurukan ma'aikata a 1892, zaurukan da ba neman aiki kaɗai ake yi a cikinsu ba, har da karatun dare da ɗakin littattafai. Masu karatun yaƙi da jahilci za su gane wannan da sauri, domin sun san abin da ake nufi da mutum ya tashi daga aiki a gajiye ya zauna gaban allo da fitila. Rondet ya sha wahala, gaskiya ne, amma dubbai sun sha irinta ba a san sunansu ba. Abin da ya bambanta shi ƙungiya ce, da iya riƙe alƙalami ya rubuta koke.

Sai bayan da makaranta ta zama ta kowa ne ƴaƴan talakawan garin suka fara bayyana a jerin. Huguette Bouchardeau, wadda aka haifa a can a 1935 a gidan da ba mai wadata ba, ta yi karatu har ta zama malamar falsafa, ta tsaya takarar shugabancin Faransa a 1981, ta riƙe ma'aikatar kula da muhalli daga 1983 zuwa 1986. Dokar 1983 da ke ɗauke da sunanta ta tilasta a saurari jama'ar wuri kafin a kafa wani babban aiki da zai taɓa ƙasarsu da ruwansu. Ba abin mamaki ba ne irin wannan doka ta fito daga hannun ɗiyar garin da tulin baƙar ƙasa ya tsaya wa a kai. Mawaƙi Bernard Lavilliers, haifaffen 1946, ya koyi sassaƙar ƙarfe da inji a maƙerar makamai inda ubansa ke aiki, kuma ma'aikata sun cika waƙoƙinsa. Amma uwarsa malamar makaranta ce, littafi bai yanke a gidan ba. Tun 1947 kuma Jean Dasté ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a garin, yana kai wasa har dandalin unguwanni da ƙauyukan mahaƙa.

Mai gardama zai ce, to ƙwallon ƙafa fa, ai wannan ba a aji ake koyon sa ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Aikin masana'anta yana koya wa mutum zuwa kan lokaci, da jimiri, da sanin cewa ƙarfe ɗaya ba ya amo. Aimé Jacquet, ɗan mahauci daga wani ƙauye na yankin, yana aikin injin sassaƙar ƙarfe a Saint-Chamond lokacin da ya fara bugawa Koraye, kuma shi ne ya ja ragamar ƴan wasan Faransa suka ci kofin duniya a 1998. Georges Bereta, haifaffen garin a 1946, ɗan wani ɗan ci-rani ne daga Polan. Amma kulob ɗin bai tsiro daga ƙura ba. Asalinsa ƙungiyar wasanni ce ta ma'aikatan kantunan Casino, kampanin da Geoffroy Guichard ya kafa a garin a 1898. Koriyar rigar ma launin kantunan ne. An gina filin wasa a 1931, aka ɗauki masu horo, aka riƙa bin unguwanni ana zaƙulo yara. Kofi 10 na zakarun Faransa da suka ci tsakanin 1957 da 1981 daga nan suka fito. Filin wasa mai malami da tsari shi ma makaranta ne, ko da babu allo.

Wannan fili ne ya jawo ƴan Afirka biyu da garin ya mayar nasa. Salif Keita na Mali ya sauka a filin jirgin Orly a 1967, bai tarar da mai tarbarsa ba, ya tsayar da taksi ya ce a kai shi Santetiyan, tafiyar kilomita 500, kulob ya biya kuɗin. Ya ci kofin zakaru sau 3, ya zama na farko da aka ba kyautar gwarzon ƙwallon Afirka a 1970, ya jefa ƙwallo 42 a raga a kakar 1970 zuwa 1971. Da ya koma Bamako, abin da ya kafa shi ne cibiyar horar da yara, wato ya gane inda sirrin yake. Ya rasu a 2023. Rachid Mekhloufi na Aljeriya kuwa, a watan Afrilu 1958, ana gab da kofin duniya da Faransa ke sa ran kai shi, ya sulale ya bar daula ya shiga ƙungiyar ƙwallo ta masu neman ƴancin ƙasarsa. Bayan ƴanci a 1962 ya komo, garin ya sake karɓarsa, ya jefa ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na kofin Faransa a 1968. Ya rasu a 2024.

Daga nan sai abin da ke samun kowane garin ma'adinai ya samu Santetiyan. Aka rufe ramin Couriot, mafi girma a cikin gari, a 1973, na ƙarshe a yankin kuma a 1983. Manufrance ta durƙushe a 1980, ma'aikatanta suka yi ƙoƙarin riƙe ta da kansu har 1985, abin ya faskara. Maƙerar makamai ta rufe a 2001. Garin da ya haura mutum dubu 220 wajen 1970 ya dawo wajen dubu 170, shaguna suka rufe, rashin aiki ya zauna a unguwanni, kuma har yau bai gama farfaɗowa ba. Kada wani ya ɗauka makaranta ta hana shi shan wuya. Abin da ta hana shi ne mutuwa. Makarantar ma'adinai ta 1816 tana nan, ta koma koyar da wasu fannonin injiniya, ga jami'a, tsohuwar maƙerar makamai ta zama cibiyar koyon zanen kayan masana'antu a 2009. Ramin Couriot kuwa an mayar da shi gidan tarihi a 1991. Ɗakin da mahaƙa ke rataye tufafinsu da sarƙa a saman rufi yana nan yadda suka bar shi, ana kai ƴan makaranta su ga inda kakanninsu suka yi aiki.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nijar ma tana da garin da ma'adini ya haifa. An kafa kampanin SOMAÏR a 1968, aka aza harsashin Arlit a tsakiyar hamada a 1969, aka fara fitar da iraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a ramin Akuta a 1978, garin Akokan ya tashi a gefensa. Mutane suka zo daga Agadas da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Dosso, har ana kiran Arlit Pari ta biyu. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe Akuta, bayan an fitar da wajen tan dubu 75, aka sallami ɗaruruwan ma'aikata, aka bar tulin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 da sai an rufe shi da kyau. Abin da Santetiyan ta gani bayan ƙarnuka, Akokan ta gan shi cikin shekara 43. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Mallaka babban al'amari ne, amma ba ta ƙara wa rami ko tan ɗaya. Ranar ƙarewarsa tana nan tafe, ko a hannun wa yake. Maraɗi ma ta ga yadda masana'antun man gyaɗa da na jima suka yi shiru bayan an saba da hayaƙinsu.

Arlit ta fara fitar da nata. Amina Weira, ɗiyar wani tsohon ma'aikacin ma'adinai, ta koyi aikin silima, ta koma garin da na'urar ɗaukar hoto, ta fitar da fim a 2016 a kan ƙurar da iska ke kwasowa da lafiyar mutanen da ke shaƙarta. Ko mutum ya yarda da duk abin da fim ɗin ya nuna ko bai yarda ba, hanyar da ta bi ita ce ta Bouchardeau: ɗiyar ma'aikaci, karatu, sa'an nan ta waiwayi garin da idon da ya san shi. Tambayar ita ce nawa ne irinta, kuma me aka tanada don su yawaita.

Ba a ce a ƙirƙiro sabon abu ba. Makarantar ma'adinai ta Ayar, EMAÏR, tana Agadas. EMIG tana Yamai. Abin da ya kamata shi ne a ware gurabe da kuɗin tallafin karatu, a rubuce, ga ƴaƴan ma'aikatan Arlit da Akokan da na kwal ɗin Anu Araren, mata da maza, musamman ƴaƴan leburorin ƴan kwangila, waɗanda ba su taɓa shiga gidajen kampani ko makarantunsa ba. Sa'an nan ga dattawan da suka yi shekara 20 ko 30 suna walda, suna gyaran manyan injuna, suna haɗa wayar lantarki, amma ba su da takardar da ta shaida haka. Irin Thimonnier ke nan, masu sani a hannu, suna jiran Ferrand. Ajin dare na karatu da lissafi, da jarrabawar sana'a mai ba da takarda, za su mayar da su malaman samari maimakon masu zaman jiran fansho. Filin wasa mai mai horo, da ɗakin littattafai mai littattafan Hausa da Tamajak da Faransanci, ba kayan ƙawa ba ne a garin da yara suka fi manya yawa.

Za a ce ina kuɗi, ga ruwan sha, ga asibiti, ga hanyar Tawa zuwa Arlit da ta lalace. Duka gaskiya ne, kuma babu mai cewa a bar mara lafiya a gina ɗakin karatu. Amma dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai ga kananan hukumomin jihar da aka haƙo su. Ya kamata kowace hukumar gari ta liƙa a ƙofarta, da Faransanci da harsunan ƙasa, nawa ya shigo a shekara, nawa ya tafi ga aji da malami, nawa ya tafi ga mota da biro. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya karanta wannan takarda, kuma ya iya tambaya.

Akwai kuma aikin da ba ya cin kuɗi mai yawa, sai dai yana da gaggawa. Santetiyan tana da sunayen mutum 186 na Jabin domin an rubuta su. Ma'aikatan farko na Arlit, waɗanda suka sauka a 1969 babu itace ko ɗaya, sun tsufa, sun watsu a garuruwansu, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Rajistar ma'aikatan Akuta, da takardun asibiti, da hotuna, da kwalkwali da fitilar rami, ya kamata a tattara su wuri ɗaya a Akokan, a ƙarƙashin kulawar hukumar gari da sandika, a kuma aika ɗalibai da rakoda su ɗauki bakin waɗanda suka rage. Takardun asibitin nan ba don tarihi kaɗai ba ne: da su ne mai ciwon huhu zai kafa hujja in ya nemi diyya, kamar yadda mahaƙan Faransa suka yi bayan 1945.

Yaron da aka haifa a Akokan a shekarar da aka rufe rami zai isa shiga aji na farko a 2027 ko 2028. Ubansa ba ya cikin ma'aikatan kampani kuma, saboda haka makarantar gwamnati ce za ta karɓe shi, da yawan ɗaliban da ke cikinta, da malamin da aka tura ko ba a tura ba.